Kokawar Ƙarfe Tsakanin Ƙwayar Cuta da Jikin Ɗan Adam

Jama'a masu sauraro, na Yakite da Gbaya Dombiya da Ramanji da sauran unguwannin Kilomita Biyar, da ma duk inda muryar nan ta kai. Sharhinmu na yau a kan ƙwayoyin cutar nan ne da ake kira bakteriya, da yadda suke neman sinadarin ƙarfe: yaushe suke tashi nema, yaushe suke dakatawa, kuma wa ke ba su umarni. Kada wani ya ce zancen 'yan boko ne ya murɗa rediyonsa. A ɗan yi haƙuri, maganar za ta iso har tsakar gida.

Mu fara da ƙasar da muke takawa. Wanda ya sa farar riga da rani ya taka daga gadar Yakite zuwa kasuwa, ya san da wane launi take dawowa. Jar ƙurar nan ta Bangui da ke liƙe wa bakin wando da gashin ido, ƙarfe ne ya rina ta, ƙarfen da ya sha iska da ruwa har ya zama tsatsa. A cikin sinadaran da ke ɓawon ƙasa, ƙarfe ne na 4 wajen yawa. Duk da haka kusan kowane mai rai fama yake da nemansa, don tsatsa ba ta narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga cikin ƙwayar rai. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

In ka ɗauke 'yan tsiraru, babu bakteriyar da ke rayuwa ba ƙarfe. Da shi take tatsar kuzari daga abincinta, da shi take ƙera sabon zaren gado in za ta rabu biyu. Amma in ya yi mata yawa, sai ya haɗu da ragowar iskar oksijin a cikinta, su haifar da wasu sinadarai masu ƙuna da ke tsinka zaren gadon nata. In ya yi kaɗan ta tsumbure, in ya yi yawa ta mutu. Dole ke nan ta riƙa auna abin da ke cikinta dare da rana, alhali ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa. To yaya take yi?

A cikin kowace bakteriya akwai dogon zare da ake kira DNA, wanda aka jera umarnin rayuwarta a kansa sashe-sashe. Kowane sashe shi ake kira ƙwayar gado. Bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowannenmu, tana da irin waɗannan sama da 4,000, kuma ba duka take aiki da su lokaci guda ba. Akwai wata na'ura ta furotin da ke bin zaren tana kwafo umarnin da ake buƙata. Sashen da aka kwafa ya yi aiki, wanda ba a kwafa ba ya kwanta.

A 1981, wani masani a Jami'ar Tubingen ta Jamus mai suna Klaus Hantke ya ware wata E. coli mai naƙasa. Ko an wadata ta da ƙarfe, ba ta daina ƙera kayan nemansa. Da aka bi diddigi, sai aka tarar furotin guda ne ya lalace a cikinta, wanda ake kira Fur. A 1987 kuma, J. B. Neilands da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka nuna yadda yake aiki.

Ku saurara da kyau, don nan ne zuciyar maganar. Idan ƙarfe ya wadata a cikin bakteriya, wani daga ciki zai maƙale wa Fur. Da ya maƙale, sai siffar Fur ta sauya, ya iya kama zaren gado. Ba ko'ina yake kamawa ba. Akwai wata alama mai haruffa 19 da ke gaban ƙwayoyin gadon neman ƙarfe, a kanta yake zama daram, ya tare wa na'urar kwafi hanya. Umarnin nema ba zai fita ba. Idan kuwa ƙarfe ya ja baya, wanda ke jikin Fur ma zai suɓuce, Fur ya saki zaren, na'urar kwafi ta wuce, ƙwayoyin gado gommai su farka lokaci guda. Ba wani mai aunawa daban, ba wani ɗan aike. Ƙarfen da kansa shi ne mai kulle ƙofar nemansa, rashinsa kuma shi ne mai buɗe ta.

Masu shago a kasuwar Kilomita Biyar ba su manta da ƙarshen 2020 da farkon 2021 ba, lokacin da hanyar Garwa-Bulai ta rufe, manyan motoci suka yi jerin gwano a iyakar Kamaru, kaya suka yanke. Mai shagon da ya san kansa abu biyu ya yi: ya baza yaransa lungu-lungu su nemo ko buhu ɗaya ne, sannan ya tsuke hannu a kan ɗan abin da ya rage a sito. Da hanya ta buɗe, sito ya cika, ya kira yaran suka dawo, don aike ma kuɗi yake ci. Bakteriya ma abu biyun nan take yi.

Na farko, nema. Da zarar Fur ya saki zaren, sai ta shiga ƙera wasu ƙananan sinadarai da masana ke kira sidarofo, mu kira su ƙugiyoyin ƙarfe. Ta watsa su waje, su damƙo ƙarfe duk inda yake, ta kuma buɗe ƙofofi na musamman a bangon jikinta don su shigo da shi. Neilands na cikin waɗanda suka fara ware irin wannan ƙugiya, a 1952, yanzu kuwa an san ire-irenta sama da 500. Ta E. coli, wadda aka gano a 1970 ake kiranta entarobaktin, tana cikin abubuwan da suka fi komai riƙon ƙarfe a duk abin da aka sani. Ƙera ta yana cin kuzari mai yawa. Sannan ƙofofin da aka buɗe mata, ta nan wasu ƙwayoyin bairos da gubar abokan gaba ke kutsowa cikin bakteriyar. Shi ya sa ba ta barin su a buɗe ko da ɗan lokaci bayan buƙata ta biya.

Na biyu, tsimi. A 2002, Eric Massé da Susan Gottesman a Amurka suka gano wani ɗan guntun saƙo mai haruffa 90 kacal, suka kira shi RyhB. Shi ma Fur ne ke danne shi a lokacin wadata. Da yunwa ta zo ya fito, sai ya bi saƙonnin da ke umartar a ƙera furotin masu cin ƙarfe amma ba na dole ba, ya manne musu, a lalata su. Ɗan ƙarfen da ya rage sai a karkata shi ga ayyukan da rai ya rataya a kansu.

To, ina jikinmu a cikin wannan? Jikin baligi na ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, kusan kashi biyu cikin uku a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ga bakteriya, wannan dukiya ce mai yawan gaske. Amma Allah cikin hikimarsa bai bar ta a fili ba. Wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin a kulle yake. Wanda ke yawo a ruwan jini, wani furotin mai suna tiransferin ne ke rungume da shi. A hawaye da miyau da nonon uwa akwai laktoferin, shi ma aikinsa ke nan, kuma ya fi yawa a dakashi, wato nonon farko mai kauri da rawaya-rawaya da wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau. Iyaye mata, wannan nonon garkuwa ce, a ba jariri abinsa.

Idan cuta ta shigo, jiki yakan ƙara ɗaure ƙofa. Hanta tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda aka gano tsakanin 2000 da 2001. Cikin 'yan sa'o'i yakan hana hanji tura ƙarfe cikin jini, ya kuma sa saifa da hanta su riƙe wanda ke hannunsu. Ƙarfen da ke yawo a jini sai ya faɗi ƙasa warwas. Da gangan jiki ke yin haka, don ya horar da baƙon da ya shigo da yunwa.

Su ma ƙwayoyin cutar ba su zauna ba. Jikinmu na da wani furotin da ke cafke entarobaktin kafin ta koma gida. Sai dangin Salmonella, waɗanda mai kawo taifod ke cikinsu, suka riƙa liƙa wa ƙugiyarsu sukari, yadda furotin ɗin ba zai iya kama ta ba. Ita kuwa ƙwayar sanƙarau, wadda ta yi ta'adi a Kano a 1996, ba ta ma wahalar ƙera ƙugiya. Tana kama tiransferin ɗinmu ne kai tsaye, ta ɓamɓare ƙarfen daga jikinsa. Duk waɗannan dabaru a ƙarƙashin ikon Fur suke, ba sa fitowa sai ƙarfe ya yi wuya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Tunda babu inda ƙarfe ya fi wuyar samu kamar cikin jikin mai rai, wasu ƙwayoyin cuta sun mai da ƙarancinsa alamar cewa sun shigo gida, lokacin fitar da makami ya yi. Ƙwayar da ke kawo atuni mai tsanani tana ƙara yawan dafinta ne idan Fur ya saki zare. Haka ita ma ƙwayar mashaƙo, cutar da ta addabi Kano daga ƙarshen 2022, ta kuma ɓulla a jihar Damagaram a 2023, akasari kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Tun 1936 Pappenheimer da Johnson suka lura cewa wannan ƙwaya ba ta zuba dafi sosai sai in ƙarfe ya yi ƙaranci a inda ake renonta. Sai a 1990 aka gano dalili: tana da nata mai kulle ƙofa, DtxR, wanda ke aiki irin na Fur. Ƙwayar tarin fuka ma tana da ɗan uwansa.

Na san wani zai ce, to ai sai a ɗura wa mai mashaƙo ƙarfe dafin ya tsaya. A'a. Ƙarfen da ka sha ba zai je maƙogwaro ya kulle wa ƙwaya ƙofa ba, in ma ya isa gare ta, ƙara mata yawa zai yi. Inda wannan ilimi ya yi amfani shi ne wajen haɗa rigakafi. Masu haɗawa kan rene ƙwayar a ruwan da aka rage wa ƙarfe don ta zuba dafi da yawa, sannan su kashe kaifin dafin ta hanyar da Gaston Ramon na Cibiyar Pasteur ta Faransa, uwar cibiyar nan da ke Bangui tun 1961, ya samar a 1923. Wannan dafin da aka kashe yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a sati na 6 da na 10 da na 14. Wanda ya kai ɗansa allura uku ɗin nan ya ci moriyar wannan bincike, ko bai taɓa jin labarinsa ba.

Likitoci sun kuma ari ƙugiyar kanta. Maganin da ake kira Desferal ƙugiyar wata bakteriyar ƙasa ce, ana ba masu sikila da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa don ta kwashe ƙarfen da ya taru musu. Wani kamfanin Japan, Shionogi, ya ɗaura maganin kashe ƙwayar cuta a jikin ƙugiyar ƙarfe, bakteriya mai yunwa ta jawo shi da kanta ta ƙofar da ta buɗe. An amince da shi a Amurka a 2019, mai tsada ne, kuma ana tanadinsa ga cututtukan da suka gagari sauran magunguna.

Yanzu mu shigo tsakar gida. Yaro ya kwana uku da zazzaɓi. Kakarsa ta ɗora shi a cinya, ta ja fatar ƙasan idonsa da babban yatsa, ta buɗe tafin hannunsa, ta ga fari fat. Sai ta dubi surukarta ta ce, "Ke 'yar nan, jinin yaron nan ya ƙare. Aika a sayo masa maganin ƙarin jini." Ita kuwa ta ce, "To, Inna." A sayo kwalba daga teburin mai magani a bakin hanya, ruwan ciki baƙi-baƙi mai kauri, yana ƙarnin ƙarfe, cokali da safe cokali da yamma. Bayan kwana biyu kashin yaro ya yi baƙi, haƙora su dafe, zazzaɓi na nan daram, wani lokaci ma gudawa ta biyo baya.

Idon Inna bai yaudare ta ba, jinin ya yi ƙasa. Dalilin ne ba a gani da ido. A garin nan, yaron da ya yi fari da zazzaɓi, abin da za a fara zargi shi ne zazzaɓin cizon sauro, palu. Ita wannan cuta fasa jajayen ƙwayoyin jini take yi, ƙarfen da ke cikinsu kuwa bai fita daga jiki ba, yana can a saifa da hanta an kulle shi. Sannan ga hefsidin ya rufe hanji. Ke nan yawancin abin da ke cikin cokalin nan ba zai shiga jini ba, zai gangara ƙasan hanji ne, inda E. coli da Salmonella ke zaune da ƙofofinsu a buɗe. Garin neman gira, a rasa ido.

Wannan ba hasashe ba ne. A shekarun 1970 a ƙasar New Zealand, an riƙa yi wa wasu jarirai sababbin haihuwa allurar ƙarfe don kare su daga ƙarancin jini, sai cutar E. coli a cikin jini ta yawaita a tsakaninsu, da aka daina kuma ta ragu. A Kodebuwa a 2010 da Kenya a 2015, an buga binciken da ya nuna cewa ƙara wa abincin yara ƙarfe ya ƙara yawan dangin E. coli a hanjinsu, ya rage ƙwayoyin kirki masu kare hanji. Mafi girma shi ne na tsibirin Pemba a Zanzibar, kan yara sama da 24,000 'yan ƙasa da shekara 3. An dakatar da ba da ƙarfen a 2003, bayan an ga waɗanda ke sha sun fi sauran fuskantar kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100. Yawancin matsalar can daga zazzaɓin cizon sauro ta zo, wanda ba bakteriya ba ne, amma shi ma mayen ƙarfe ne. Shi ya sa a wuraren kula da tamowa, daga Maraɗi har Bangui, madarar da ake fara ba yaron da ya galabaita ba a ƙara mata ƙarfe. Sai an magance cutar da ke jikinsa, cin abinci ya dawo, sannan a shigo da shi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙarancin ƙarfe cuta ce ta gaske, tana nan jibge a cikinmu. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, tana jefa mai ciki cikin haɗari ranar haihuwa. A binciken Pemba ɗin ma, yaran da aka tabbatar suna da ƙarancin ƙarfe, kuma ake duba su ana yi musu maganin zazzaɓi a kan lokaci, sun amfana. Don haka a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yara ƙarfe a ƙasashen sauro, amma tare da kariya da gwaji da maganin zazzaɓin. Mai ciki kuma, ƙwayar nan da ake ba ki wurin awo, mai miligiram 30 zuwa 60 a kullum, ki sha abinki kamar yadda aka ce miki, ki kwana cikin gidan sauro. Magana ce ta abin da za a gabatar da abin da za a jinkirtar.

Yaro mai zazzaɓi da farin ido, a kai shi gwajin yatsa tukuna, ko a cibiyar lafiya ta Mamadu Mbaiki ko wadda ta fi kusa. In yana numfashi sama-sama, ko ya kasa shan nono, ko ya sanƙame, wannan na babban asibitin yara ne ba tare da ɓata lokaci ba, don mai irin wannan hali jini yake buƙata a ƙara masa yau, kwalbar siro kuwa sai ta yi makonni kafin ta yi tasiri. Mai sikila kada a ba shi maganin ƙarfe sai likita ya auna, don nasa ƙarancin jinin ba na rashin ƙarfe ba ne. A riƙa ba yara maganin tsutsar ciki a kan kari, don akwai tsutsar da ke shan jini a hanji. A tukunya kuma a sa hanta da nama da kifi da wake da ganyen rogo gwargwadon hali, a matsa lemun tsami, a jinkirta shayi zuwa bayan abinci da kamar awa guda, don shayi na hana hanji ɗaukar ƙarfe. Ƙwayoyin awo kuma a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, don in ya haɗiye su da yawa guba ce mai kisa.

Ku kuma 'yan uwana masu sayar da magani, a shago ne ko a tebur, wannan amana ce a wuyanku. Uwa ta zo ta ce a ba ta maganin ƙarin jini na yaro, tambaya ɗaya ta ishe ku: jikinsa da zafi? In ta ce eh, ku ce ta je a gwada shi, in ya warke likita ya rubuta, ta dawo ku sayar mata. Cinikin kwalba ɗaya kuka jinkirta, ba asara kuka yi ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a.